Ka san itace, ka san lissafi: magana ga masu masta a kimiyyar muhalli



Akwai wata tambaya da ta yawaita a wayar shirinmu na rediyo cikin ƴan shekarun nan, har na haddace ta. Wani lokaci matashi ne ke yin ta da bakinsa, wani lokaci uba ne ko uwa ke yi a madadinsa. Yaro ya ci bak, ya yi lisans shekara 3, ya ƙara masta shekara 2 a kimiyyar muhalli, ya kare memwar ɗinsa gaban malamai, an tafa masa, an yi walima a gida. Shekara ta zagayo yana zaune. To yanzu ya koma lakwal ya ƙaro karatun tafiyar da kasuwanci, abin da ƴan boko ke ce ma gestion, ko ya ci gaba da ajiye takardu a ofisoshi yana jiran kira? A rediyo minti 3 gare ni kafin mai kula da na'ura ya ɗaga mini hannu a saka talla. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta amsata a nan, inda babu mai yanke ni.

Amsata ita ce: ya koya. Sai dai kada a ɗauka ina nufin a ƙara wata takarda cikin jakar da ta riga ta cika da takardu. Abin da nake nufi, wanda ya san yadda itace ke rayuwa ya san kuma yadda kuɗi ke shiga da fita, don a ƙasar nan duk aikin gyaran muhallin da bai shiga lissafin maigida da uwargida ba, ba ya daɗewa. Ni ɗan rediyo ne, fiye da shekara 10 ke nan ina ɗaukar makirfo zuwa gonaki da kasuwanni, kuma abin da na tara a can shi zan shimfiɗa muku.

Mu fara duba ƙofofin da ke gaban mai wannan karatu. Ta farko aikin gwamnati: gandun daji, ma'aikatar muhalli, koyarwa. Ta konkur ake shiga, kuma kowa ya san tsawon layi ranar da aka buɗe. Ta biyu ƙungiyoyi da furoje. Albashi mai kyau, babur sabo, amma kwantiragi ne na shekara 2 ko 3, ranar da furoje ya ƙare a karɓe makullin babur. Daga Yulin 2023 wasu masu ba da tallafi sun dakatar da kuɗinsu, a 2025 kuma Amurka ta rushe hukumarta ta USAID, duk mai ɗan uwa a wannan fanni ya ji a jikinsa. Ta uku ofisoshin nazari masu zaman kansu, waɗanda mafi yawansu a Yamai suke. Su kuwa masu fitowa ƙaruwa suke yi. Tun 2010 muna da jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi na da tsangaya guda ta aikin gona da kimiyyar muhalli, ga Jami'ar Abdou Moumouni, ga cibiyar AGRHYMET a Yamai. Kowace shekara ana yaye ɗalibai, alhamdu lillahi. Amma ƙofofin nan uku, kowace wani ne ke riƙe da makullinta. Ta huɗu ita ce wadda mutum zai gina da kansa, kuma ita ce ba a koyarwa a ajin ilimin ƙasa da tsirrai.

Hujjata ta farko tana cikin gonakinmu. Babbar nasarar da Nijar ta samu a fannin muhalli, wadda ake zuwa daga ƙasashen duniya a gani, ita ce sassaben zamani. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tohon da manomi ke sarewa kowace shekara saiwar manyan itatuwa ce da ke raye a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe biyu ko uku aka bari, aka yi musu aski, itace zai tashi ba tare da an shuka ba, ba tare da an shayar ba. Dabarar ta yaɗu bayan yunwar 1984, wadda iyayenmu ke kira El Buhari. Daga baya masu bincike, cikinsu har da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou, suka bi yankunan Magarya, Matamai da Mirya da sauran wurare, aka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200.

To me ya sa manomi ya rungumi wannan, alhali an sha kawo masa dashen da ya bushe a banza? Je ka Ɗan Saga a yankin Agye ka tambaya. Ba za su yi maka bayanin sauyin yanayi ba. Za su ce maka gawo na zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ƴaƴansa abincin awaki ne da rani, reshen da aka aske makamashi ne a gida, in ya yi yawa a kai kasuwa. Matar da a da take yini neman itace yanzu a gonar mijinta take samu. Da manomi ya tabbata cewa itacen nasa ne, ba na ɗan gandun daji da zai ci shi tara ba, sai ya tsare shi kamar akuyarsa. Dokar gandun daji ta 2004 da kuma dokar musamman kan sassaben zamani ta 2020 sun zo ne suka ƙarfafa abin da manomi ya riga ya lissafa.

Yanzu ku dubi ɗaya gefen. Kowace 3 ga Agusta muna fita shuka itace, an yi hoto, an yi jawabi, mu ma ƴan rediyo muna can da makirfo. Ranar 4 ga wata wa ke kai ruwa? Wa ke sayen ƙaya ko waya a kange daga awaki? Sau nawa muka koma fili ɗaya muka tarar da ramuka kawai? Haka maganar leda. Tun Nuwamban 2014 akwai doka da ta hana shigowa da sayarwa da amfani da baƙar ledar nan maras kauri. Fita ka duba magudanar unguwarku, ko ka tambayi mahauci abin da yake tararwa a cikin tumbin akuya. Mai tumatir a kasuwa ba maƙiyiyar muhalli ba ce. Babu dai wanda ya kawo mata abin ƙunsa kaya mai arahar da ledar ke da ita, a ƙofar rumfarta, kullum da safe. Ilimin cewa leda na da illa muna da shi har ya yi yawa. Wanda zai zauna ya fitar da madadi, ya san nawa zai ci, nawa za a saya, wa zai rarraba, shi ne ba mu da shi.

Bari in shigo cikin gidanmu. Ɗan babbar yayarmu ya yi masta a wannan fanni. Shekarar ƙarshe sai da uwarsa ta sayar da awaki biyu aka cika kuɗin rajista da na tafiye-tafiyen bincike. Da zama ya ishe shi, ya same ni da dare bayan na sauko daga shiri ya ce, "Kawu, gidan renon dashe nake son buɗewa. Na san iri, na san haɗin ƙasa, na san aure." Na ce masa, "Madalla ɗana. Dashe ɗaya nawa zai ci maka kafin ya fita hannunka?" Ya yi shiru. Na ce, "Wa zai saya, kuma yaushe zai biya?" Ya ce, "Kawu, ai furoje na saye." Na ce, "Wane furoje, wane wata?" Muka ɗauko takarda.

Ga irin lissafin da muka yi, kuma misali ne kawai, kowa ya saka farashin garinsa. A ce ka shirya dashe 10,000. Leda, ƙasa, taki, iri, ruwa na wata 3 zuwa 4, da ladan mai shayarwa, a ce kowane ya ci sefa 60. Jika 600 ke nan ta fita daga aljihunka tun watan Maris ko Afrilu. A ce cikin kowane 10, biyu sun mutu, saura 8,000. Ke nan kowane mai rai ya tashi a sefa 75, ba 60 ba. In ka sayar a sefa 100 kuma aka kwashe duka, ribarka jika 200. In 6,000 kaɗai aka saya, uwar kuɗinka ce ta dawo, wahalar wata 4 ta tafi a banza, ragowar kuma na shan ruwa kullum. In kuwa mai sayen ya karɓi kaya a Agusta ya ce a kawo takardar biya, kuɗin suka fito a Fabrairu, to da me za ka fara renon shekara mai zuwa, kuma da me za ka biya wanda ya ranta maka?

Yaron nan zai iya gaya maka sunan kowane itace da Latinanci, ya zana maka taswirar gona a kwamfuta. Amma cikin shekara 5 na jami'a babu ranar da aka sa shi ya yi wannan lissafin na rabin shafi. Da ya yi, shi da kansa ya sauya shawara. Ya rage yawan bedi da sai hukuma ko furoje ke saye da yawa, ya ƙara mangwaro mai aure, lemu, da magarya mai aure irin wadda cibiyar ICRISAT ta Sadore ta yaɗa, don waɗannan mai lambu ne ke zuwa da kuɗinsa a hannu ya ɗauki 10 ko 20. Bai yi arziki ba, kada wani ya ce na ce. Amma ya shiga shekara ta biyu ba bashi a kansa, yana kuma biyan yaro ɗaya.

Wannan shi ne abin da nake kira karatun kasuwanci, kuma in ka tace shi abu huɗu ne. Na ɗaya, sanin ainihin kuɗin da kaya suka ci, har da asara, har da lokacinka. Na biyu, sanin mai saye: waye shi, me yake so, a wane wata yake da kuɗi. Manomi na da kuɗi da kaka, ba ya da su da bazara, kuma da bazara ne kake son ya sayi takinka. Na uku, bambanta riba da kuɗin hannu, don sana'o'i da yawa sun mutu alhali a takarda riba suke ci. Na huɗu, takardu: rajistar kasuwanci, lambar haraji ta NIF, bambancin ƙungiya da kooperatif da kamfani irin SARL a ƙarƙashin dokokin OHADA, yadda ake rubuta farashi a nemi kwangila, yadda ake karanta yarjejeniya kafin a sa hannu. In an kira neman masu kawo dashe ko masu haƙa rabin wata, wanda ba shi da takardu ko kallonsa ba a yi, sai dai ya yi wa mai takardu aiki a ba shi abin shan ruwa.

Akwai kuma wani ƙaramin abu da nake yawan tsokanar ƴan boko da shi, ni ma cikinsu nake. A lakwal da sefa muka koyi lissafi, da Faransanci. Kasuwa kuwa da dala take magana. In mai goro ya ce ashirin, sefa 100 yake nufi. In ya ce ɗari, 500 ne. Na ga mai masta ya tsaya yana taɓa waya kafin ya ba tsohuwa amsa, ita kuwa ta riga ta gama a kanta. Duk wanda zai sayar wa karkara da wani abu, ya koyi yin bayanin kayansa da Hausa, ya koyi ciniki da dala.

To in haka ne, wani zai ce, a bar karatun muhallin mana, kowa ya tafi kasuwa. A'a. A nan ne nake son a saurare ni da kyau, don haɗarin ɗaya gefen ya fi girma. Ɗan kasuwa ya san yadda ake ƙara yawan kaya, amma ba aikinsa ba ne sanin inda ƙasa ke cewa ya isa. Dubi kaba a Gulbin Kaba. Sana'a ce mai ciyar da gidaje, tabarma, igiya, faifai. Amma in aka yi ta yankar toho tun yana ƙarami ba a bar wani ya tashi ya zama goriba ba, sana'ar na cin kanta ne. Dubi famfon hasken rana da ya cika lambuna. Alheri ne, ya raba mai lambu da sayen fetur. Amma tunda rana kyauta ce, babu abin da ke sa mutum ya kashe famfo, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya dawowa da saurin da ake jan sa. Mai sayar da famfo buƙatarsa ya sayar da 100. Wanda ya karanta ilimin ruwa shi zai iya cewa fadamar nan 40 za ta ɗauka, sauran a haɗa su da bututun ɗigo. In mutum ɗaya ya haɗa sanin nan biyu, zai ci riba shekara 20 maimakon ya ci ta shekara 3 ya bar mutane da busasshiyar rijiya.

Haɗari na biyu ya shafi amana. Dokar Mayun 2018 ta tanadi cewa manyan ayyuka, hanya, ma'adinai, masana'anta, sai an yi nazarin tasirinsu ga muhalli, hukumar BNEE ta duba. Wannan kasuwa ce ta gaske ga masu wannan karatu. Sai dai mai aikin shi ke biyan mai nazarin. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da bincikenka ya nuna cewa dattin masana'anta zai gangara rijiyar ƙauye, mai biyanka kuma ya ce a sassauta wannan shafi in ana son kwangila ta gaba, ranar za a san wane karatu ne ke gaba a zuciyarka. Kuma a nan ma lissafi na taimakon gaskiya. Ofishin da ke da abokan hulɗa 10 da ajiyar wata 6 a banki zai iya cewa a'a. Wanda ke rataye da mutum ɗaya, haya na binsa, ma'aikata na jiran albashi, da wuya bakinsa ya buɗe. Shi ya sa nake cewa ilimin muhalli shi ne maigida, na kasuwanci kuwa shi ke riƙe masa gidan kada ya faɗi.

Muna da misalai a gabanmu. A Damagaram akwai kamfanin Sahara Sahel Foods da Josef Garvi ya kafa a 2014. Suna sayen ƴaƴan itatuwan daji daga hannun matan karkara, aduwa, magarya, hanza da sauransu, su sarrafa su zama mai, gari da abin sha. Hanza fa, wadda ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, wadda a da mutum ke jin kunyar a ga yana ci don alamar yunwa ce, yau ga ta cikin kwali a kanti. Matar da ta san ana sayen ƴaƴan itacen nan kowace shekara ba za ta bari a sare shi ba. Akwai Mariama Mamane, ƴar Nijar da ta yi karatu a makarantar 2iE ta Wagadugu, wadda ta ɗauki ciyawar nan mai kama da kainuwa da ke toshe kogin Isa ta tsara yadda za a mayar da ita taki da makamashi, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ta lambar matasa masu kare muhalli a 2017. Akwai kuma kasuwar iskar kabon, inda ake biyan masu shuka itace don iskar da itatuwansu suka shanye. An gwada ta a nan da dashen dakwara mai ba da ƙaro, tare da Bankin Duniya, kuma sai da aka haura shekara 10 kafin kuɗin su kai hannun ƙauyuka. Irin wannan yarjejeniya za ta ƙara zuwa mana. In ba mu da ƴaƴan da za su iya auna itace su kuma karanta shafin rabon kuɗi, wasu za su karanta mana.

Saura tambayar da iyaye ke yi: taura biyu na taunuwa? A lokaci guda da wuya, amma ɗaya bayan ɗaya tana taunuwa. Hanya uku na gani.

Mai hali, ko mai aikin da zai biya masa, zai iya yin masta ta biyu. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa na da tsangayar shari'a, tattalin arziki da gestion, a Yamai kuma akwai makarantu masu zaman kansu da ke karatun dare. Wannan hanya ta dace da mai son shugabancin babban furoje, ko aiki a banki ko kamfanin ma'adinai inda ake neman takarda. Kafin a biya ko dala, a tabbatar ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da makarantar, a tambaya ko CAMES ta san digirin. Kuma ina roƙon iyaye, kada a sayar da gona don masta ta biyu. Awaki na haihuwa, gona in ta tafi ta tafi.

Hanya ta biyu gajeren horo ne tare da fara sana'a ƙarama. Akwai cibiyar CIPMEN mai renon ƙananan kamfanoni a Yamai, akwai Maison de l'Entreprise ta zauren ƴan kasuwa inda ake yin rajista wuri guda. Wanda ya riga ya yi asarar jika 50 a sana'arsa, darasin wata 3 zai shige shi fiye da na shekara 2 ga wanda bai taɓa sayar da ko allura ba.

Hanya ta uku ita ce aka fi rainawa, ni kuwa ita na fi so. Muna zaune a garin da wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi guda a 1986 kan alhazansa. Yawancinsu ba su zauna a aji ba, a hannun ubangida suka koya: riƙon amana, karɓar kaya bashi, sanin lokacin saye da lokacin saki. Mai masta ya cire girman kai ya zauna wata 6 a shagon mai sayar da taki ko iri, ya riƙe masa littafi. Ko ya je ya zauna bayan tabarmar Mata Masu Dubara, tsarin asusun da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, wanda yau ake kwaikwayo a ƙasashe da dama. Matan nan, da yawansu ba su iya rubutu ba, suna tara kuɗi kowane mako, su ba da rance, su karɓa, su raba a ƙarshen zango ba a ɓatar da dala ba. Wace makaranta ce ta fi wannan?

Ga wanda bai gama masta ba tukuna, shawarata ta fi sauƙi: zaɓi batun memwar da za a iya ci da shi. In za ka yi bincike kan ruɓewar albasa a rudu a Galmi, kada ka tsaya a auna zafi da laima. Ƙara babi ɗaya: rumbun da ka ba da shawara nawa zai ci, buhu nawa zai ceto, cikin shekara nawa manomi zai mayar da kuɗinsa. In zogalen Jiratawa ne, bi buhun har Yamai ka ga wa ke cin riba a hanya. Ranar da ka kare memwar, kana riƙe da digiri da kuma tsarin sana'a.

Malamanmu na jami'a, Allah ya ƙara muku girma, darasi ɗaya na lissafin sana'a a kowane zango ba zai rage darajar kimiyya ba, kuma ku riƙa gayyato ƴan kasuwa cikin aji. Alhazanmu, akwai yara masu ilimi a unguwanninku suna dafa shayi a fada tun safe. Ku kira ɗaya ku ba shi jarin gwaji, ku ɗora masa lissafi kamar yadda aka ɗora muku. Ƴan matanmu masu wannan karatu kuma, ku sani yawancin masu tsintar ƴaƴan itace, masu kaba, masu girki da makamashi mata ne, kuma ku za su buɗe wa ƙofar ɗaki su gaya wa gaskiyar abin da suke samu.

Kai kuma ƙanena mai masta da ke karanta wannan a waya, ba na ce ka daina ajiye takardu ba. In konkur ya fito ka shiga, in furoje ya kira ka tafi. Amma daren yau ɗauki takarda ɗaya, ka rubuta abu guda da ka iya wanda wani a garinku zai biya kuɗi a kansa, ka rubuta nawa zai ci ka, ka rubuta sunan mutum 5 da za su saya. Gobe ka je ka tambaye su. In uku sun ce i, ka fara da kaɗan. In duk sun ce a'a, ka tambaye su dalili ka rubuta, wannan ma darasi ne da ba ka biya ko dala ba.

Wanda ya taɓa gwada irin wannan sana'a, ta ci ko ta faɗi, ya neme mu a shiri ya ba matasa labari da bakinsa. Allah ya sa wa karatun ƴaƴanmu albarka, ya ba mu damina mai kyau. Sai mun haɗu a kan iska.